Na Takwas a Littafin Rajista

Ba a gama karanta sakamako a rediyo ba, babban ɗan Ciyaman ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar ofishin jam'iyya, da kofin shayi a hannunsa, da sauran dariya a bakinsa. A waje matasa na ta danna hon suna murnar nasara ta bakwai a jere, mu kuwa mun rufu a kansa muna yayyafa masa ruwa. Ni na fara lura da babban yatsansa. Ya yi baƙi ƙirin, baƙin yana hawa zuwa wuyan hannu kamar tawada a jikin takarda.

Ciyaman ya laluba ya kamo hannun, ya kai shi dab da idonsa mai yana.

"A kawo mini littafin rajista."

Sakatariya tana jingine da ƙofa, ko gezau ba ta yi ba. "Yana kan teburinka, Baba. Tun safe na ajiye, na san za ka nema."

Ni direban Ciyaman ne, kuma ni kaɗai na san mafarin wannan masifa, domin ni na kai shi.

Shekara ashirin da huɗu baya, Ciyaman ba kowa ba ne a reshen jam'iyya na jiha, mai riƙe wa Dattijo jaka ne. Dattijo shi ya kafa reshen, shi ne kuma mahaifin Sakatariya. Wata rana a taro Ciyaman ya nemi kujerar mataimaki, Dattijo ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Ɗana, koyi ɗaure igiyar takalminka tukuna." Aka fashe da dariya. Washegari da tsakar rana ya ce in tada mota.

Mun bar kwalta, mun bi hanyar tsohon ramin fasa dutse har mota ta gaza. A ƙasan ramin akwai ɗaki na langa-langa mai tsatsa, ba taga. Ciki an lulluɓe bango da tsofaffin fastocin 'yan takara, kowanne an ƙwaƙule masa ido. Kwaɗuna a kulle suna reto daga rufi, ba mabuɗi ko ɗaya. A tsakiya ga tulu cike da wani baƙin ruwa mai kauri, yana motsi shi kaɗai, yana warin jini da toka. Wani boka na zaune a bayan tulun, yatsunsa goma baƙaƙe.

"Me kake so, ɗan siyasa?"

"Kujera. Da jam'iyyar da ba za ta ƙara faɗuwa ba a jihar nan. Da arzikin da ke biyo baya."

"Ba ta faɗuwa har abada, ko har ka gaji?"

"Wa ke gajiya da ci?"

Boka ya yi wata dariya mara sauti. Ya jawo wani babban littafi mai baƙin bango, ya tsoma hannu a tulu ya shafe shi. "Wannan shi ne rajistar 'yan jam'iyyarka. Nasarar farko, zan ɗauki suna ɗaya daga sama. Ta biyu, biyu. Ta uku, uku. Kai za ka dangwala yatsa a ƙasan shafi da wannan tawada."

"Wa ke tsara sunayen?"

"Kai."

Na ga idon Ciyaman ya yi haske. "To ai da sauƙi."

"Kowa haka yake cewa. Abu ɗaya, kada littafin ya ɓata. Ranar da ya ɓata, zan fara da hannuwan da suka taɓa shi."

Ciyaman bai saurari wannan ba, hankalinsa na kan sunan farko. Ya miƙo mini littafin ya ce in kai mota, ni kuma na karɓa da hannu biyu kamar sakarai.

A jam'iyya, ƙaramar lambar kati girma ce. Mai lamba ɗaya shi ke zama a gaba, shi ake fara gaisarwa. Ciyaman ya shirya walima, ya durƙusa ya miƙa wa Dattijo kati mai lamba ɗaya, har tsohon ya yi ƙwalla ya ce ashe yaron nan ɗan halak ne. Ranar da aka ci zaɓe Dattijo ya faɗi a kan kujerarsa da baƙin yatsa. Likita ya ce zuciya ce.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kwangilar hanya, kwangilar asibiti, gidaje, motoci, gidan mai a kowace mararraba. Gwamna ya zo ya tafi, Ciyaman na nan, shi ke naɗawa shi ke saukewa. Ko tunkiya jam'iyya ta tsayar sai ta ci. Duk wanda ya ɗaga masa murya kuwa, sai a kira shi a karrama shi da ƙaramar lamba, ya tafi gida yana nuna wa matarsa. 'Ya'yan Ciyaman sun sha yi masa ƙorafi cewa bare na da lamba biyu, su suna can wajen dubu tara. Yakan ce, "Ku bari, na baya ai shi ke cin ƙasan tukunya." 'Yar Dattijo ma ya ɗauke ta aiki, don a ce yana riƙon zumunci.

Na yi shiru shekara ashirin, ina ci ina sha, ina gaya wa kaina ba ruwan direba. Sai a zaɓe na shida ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tambayi inda kuɗin rijiyoyin unguwarsu suka shige. Bayan mako biyu ya shigo gidana da sabon kati yana washe baki. "Yaya, dubi, lamba huɗu. Ashe ogan naka na jin gaskiya." Na roƙe shi ya mayar, ya ce hassada nake yi. Ni na wanke gawarsa, na goge yatsan har fata ta saluɓe, baƙin bai fita ba.

Bayan sadakar bakwai na sami Sakatariya a ofis na zayyana mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni, "Baba direba, idon nasa ya kai ina yanzu?"

"Ko lambar mota ba ya gani."

"To madalla."

Shekara huɗu ta jira. Da uwar jam'iyya ta ba da umarnin sabunta rajista, Ciyaman ya kulle ƙofa, ya karanto mata sunaye bakwai na waɗanda suka tsone masa ido. Ta rubuta, ta karanta masa yadda yake son ji, ya dangwala yatsa. Sannan ta bi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya da sababbin katuna, tana cewa kyauta ce daga Baba, a ɓoye sai ranar nasara. Har rigima suka yi a kan wa zai karɓi lamba ɗaya.

Shi ne yanzu, gawar ɗansa na kwance a ƙasa, ya dafa littafin ya ce, "Karanta mini, 'yar nan."

Ta karanta a nutse kamar mai kiran sunan 'yan makaranta. Babban ɗa. Mai bi masa. Autan maza. 'Yarsa guda tilo. Ƙaninsa. Surukinsa. Jikansa na fari, wanda ya yi zaɓe karon farko a wannan shekarar.

"Ni na riƙe ki. Ni na ba ki aiki."

"Ka ba ubana lamba ɗaya ma, Baba. Ai ba a raina kyautarka."

"Sa ni a sama, ki cire su. Na roƙe ki."

"Ka riga ka dangwala. Kai ne na takwas. Na bar maka shekara huɗu ka zauna ka yi ta karɓar gaisuwa."

Kafin la'asar waya ta yi ƙara sau shida. Uwargidansa ba ta cikin lissafin, amma da ta ga an jere mata gawa a falo hankalinta ya gushe. Har yau tana bin mutane a titi da bokiti da sabulu, tana roƙon su bari ta wanke musu yatsa.

Mun koma ramin dutse, ba ɗaki ba boka, sai ruwa kwance. Ciyaman ya ga mafita ɗaya ce, jam'iyya ta faɗi. Ya sayar da gidajen mai ya ba 'yan adawa, ya sayar da gidaje ya buga musu fasta, ya hau mimbari ya tona asirin kowace kwangila da ya ci. Jama'a suka tafa suka ce shugaba mai gaskiya, sai kun yi takwas. Yanzu a bakin ƙofar ofis yake wuni da riga ɗaya, yana kama ƙafar masu wucewa yana cewa kada su zaɓe mu, su kuma su jefa masa sadaka su ce tsufa ne.

Ku da ke sha'awar kujerar da ba a sauka da arzikin da ba a san tushensa ba, ku zo ku kalle shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ramin mugunta, tun da aka ce a gina shi gajere, ba don tausayin abokin gaba aka faɗa ba.

Sakatariya ta ɗauka ta gama. Ta zuba wa littafin fetur a bayan ofis ta ƙone shi ƙurmus, ba ta gaya mini ba sai da ya zama toka. Sai a lokacin na tuna gargaɗin boka, wanda ni ma na manta ban faɗa mata ba.

Jiya da hantsi, saura kwana tara zaɓe na takwas, wani baƙo ya tsallake Ciyaman ya shigo ofis ba sallama. Dogo ne, da kaya masu tsabta, yatsunsa goma baƙaƙe. Ya ajiye littafin a kan teburin Sakatariya, bangonsa lafiya lau, yana warin hayaƙi. Ya buɗe shafin farko. Ba suna ko ɗaya, sai shatin hannu uku.

"Na tsohon da ke waje, da naki, da naka," ya ce, yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. "Amma bana takwas ne."

Ya zaro biro daga aljihu, ya cire murfin, ya ajiye a tsakaninmu. Ya ja kujera ya zauna.

"Saura biyar. Wa zai fara rubutawa?"