Sunan Inna a Cikin Saƙonni

A ajin koyon kwamfuta Siddiƙa ta fara ganin Umara, kuma da gardama suka soma. Ita ta ce in kana neman kalma a tarin rubutu, ka buga ta yadda take, nan da nan ta fito. Shi ya ce rejeks ya fi, wato ka kwatanta wa kwamfuta siffar kalmar, ta kamo duk mai kama da ita.

"Hanyarka nawa gare ta," in ji ta.

"Taki kuma ba ta yafe kuskuren harafi ɗaya, Gimbiya."

Sunan ya bi ta, soyayya ta biyo baya. Amma mahaifinta, dillali a Kasuwar Shanu, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai gane kan sana'arsa ba.

Ana haka ambaliya ta shigo unguwarsu, Moduganari. Garin gudu, mahaifiyarta Ammatullahi ta ɓace musu. Masu ceto na ta turo saƙonnin waya ɗauke da sunayen waɗanda aka tsamo, rayayyu da matattu. Siddiƙa ta buga sunan Inna a cikin saƙonnin. Babu. Ta sake bugawa. Babu.

Ta tura masa: "Umara, ban ga Inna ba. Ko sunanta bai fito ba. Tsoro nake ji."

Ya iso sansanin da suka fake jiƙe sharkaf, kwamfutarsa a leda.

"Kowa da yadda yake rubuta sunan," ya ce.

Ya sa ta kamo duk sunan da ya fara da "Am" kuma akwai "tul" a cikinsa. Saƙonni suka zubo. Na farko ya ce an tsinci gawar Amatullah. Siddiƙa ta ƙwalla ƙara, mahaifinta ya zube yana salati.

"Ku dakata! Masu sunan da yawa." Umara ya juyo wurin Siddiƙa. "Gimbiya, saura hanyarki. Buga Moduganari a cikinsu."

Da ƙyar yatsunta suka yarda. Saƙo ɗaya ya rage: "Amatulla daga Moduganari tana da rai, tana cigiyar 'yarta Siddika."

Da suka gano inda take, Umara ne ya goyo Inna ya tsallako da ita ruwan.

Bayan gari ya lafa, mahaifin da kansa ya ce Umara ya turo magabatansa. Ranar kai amarya, Inna ta riƙe hannayensu tana hawaye.

"Allah kada ya nuna muku ranar da ɗayanku zai nemi ɗaya ya rasa."