Gwangwanin Madara da Gitar Mushe

Ana saukowa daga Juma'a Mushe Sulaiman, malamin lakkwal, wato makarantar boko, ya faɗo kwamisariyar 'yan sandan Tahoua yana huci. An ɓalle masa ƙofa an ɗauke tsohuwar gitarsa ta kuran, wato mai aiki da lantarki, ƙirar Japan, wadda ya ba da babur ɗinsa sukutum ya karɓa.

"Attahir ne, Buzun da ke maƙwabtaka da ni! Wa bai san su da gita ba?"

Ran Insifekta Abdulrahim ya ɓaci. Shekarar tawayen Buzaye ce, gita kuwa kiɗan 'yan tawaye aka ɗauke ta. In aka haɗa sunan Buzu da gita, kafin magariba sojoji za su zo neman mutumin.

"Mushe, riƙe bakinka. Mu je ɗakin."

Ba gita, ba ampilin da ke ƙara mata sauti. Amma ga rediyo sabo fil a kan tebur. Insifekta ya durƙusa, ya ga shatin tsatsa a siminti.

"Me ke nan wurin?"

Mushe ya yi turus. "Gwangwanin madara. Sai yanzu na lura. Transifo ne a ciki mai rage ƙarfin wuta, in babu shi kuran ɗinmu zai ƙone ampilin. Sabo, wanda ya sayar mini da gitar, shi ya haɗa."

"Kada ka faɗa wa kowa."

Da Insifekta ya fito, ya tarar da Attahir a tsugune, matasa sun kewaye shi da sanduna. Tsawa ɗaya ya daka suka watse.

"Ranka ya daɗe, ko fitilar kuran ba ni da ita," in ji Attahir. "In kaɗa ta da mi?"

A tashar kabu-kabu Insifekta ya sami Sabo yana goge babur ɗin da Mushe ya ba shi.

"Ina kake lokacin salla?"

"Garin Barmou ni kai wani tsoho, yallaɓai."

"Tayarka ko ƙasar hanya ba ta ɗauko ba."

"Na wanke."

Insifekta ya taɓe baki. "Ko ma waye, jaki ne. Yau zai jona ampilin nan kai tsaye, ya ƙone shi. Kayan da suka fi ƙarfinsa."

Sabo ya ɗago a fusace. "Ba ya ƙonewa, ai da gwangwanin anka tahi."

"Wa ya ce maka an ɗauki gwangwani?"

Tsumman ya faɗi daga hannun Sabo. Idanunsa suka kaɗa jawur.

"Shekara shida ina dako Abidjan, ita kaɗai ka ɗebe min kewa. Na rabu da ita don in samu abin yi in auri Hadiza. Sai ga wannan mutum ya buɗe taga kullum la'asar yana kaɗa mata, gidansu na kallon nashi. Jiya ni ji ta tana bin waƙar. Da gitata, yallaɓai."

"Shi ya sa ka tsaya kana kallo za a kashe Attahir?"

Sabo ya sunkuyar da kai. Aka ciro gitar daga rumbun kakarsa, naɗe cikin sabon zanen da ya saya wa Hadiza.

Mushe ya miƙo hannu biyu. Insifekta ya janye ta.

"Sai ka je ƙofar Attahir, gaban mutanen da ka tara, ka ba shi haƙuri."

Ya tasa Sabo gaba da ankwa. Da suka zo wucewa ta layin su Hadiza, Sabo ya roƙi a bi ta baya.