Iyalin Kan Allo

Musbahu ya fara ganin Sauda ne a bakin titin Challawa. Ya taso daga kamfanin fata yana warin jima, ita tana jiran adaidaita. Ko sallama bai yi mata ba. Wani mai kyamara dai ya gifta, ya ɗauke su.

Bayan sallah sai ga su a kan ƙaton allo a tsakiyar gari, inda gwamnati da wani kamfani suka haɗa gwiwa za su mai da tsohuwar kasuwa ta zamani. An gyara musu murmushi da kwamfuta, an ɗora wa Sauda jariri a kafaɗa, an rubuta: "Iyalinku, kasuwarku."

Abdulbaqi, saurayin Sauda, ya ɗauke ƙafa. Mahaifinta Malam Inuwa ya daina zuwa majalisa saboda masu yi masa barka da jika. Ya sa aka nemo Musbahu, ya ce allo ya sauka ko su haɗu gaban alƙali.

Sauda ta ce fuskarta ce, da ita za a je neman a sauke allon. A sakatariya aka ce allon na kamfani ne. A ofishin kamfani a Bompai aka ce filin na gwamnati ne, a jira kwamiti. Kwamitin kuwa ya tafi bita. Kan bencin jira suka gama sanin juna.

"Maman Jariri, gobe Bompai ko sakatariya?" Musbahu ya tura mata ta waya.

"Allah ya shirye ka. Bompai. Ka yi wanka sau biyu."

Da Musbahu ya tura manyansa, Malam Inuwa ya ce ba zai tabbatar da zancen 'yan tsegumi ba, babu maganar aure sai allo ya sauka.

Damina ta wuce, allo na nan. Hajiya Atika, mahaifiyar Sauda, ta gaji.

"Malam, mutanen nan ko bulo ɗaya ba su ajiye ba. In su kuke jira, a ɗakina za ta yi furfura."

A masallacin da ke fuskantar allon aka ɗaura auren. Bayan Fatiha Malam Inuwa ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya kama hannun ango.

"Duk abin da aka zana a can, ku kaɗai kuka tabbata. Allah ya yi albarka, ya kawo jaririn ma."