Tafin Malam Maccido

Ranar da Nasiha ta fara koyarwa a wata sakandare a Tambuwal, tafin da ake yi a ajin kusa da nata ya hana ta sakat. Ta fita a fusace, ta tarar da Mannir, malamin kiɗa, yana nuna wa ɗalibai baƙaƙen ɗigogi a kan layuka a allo.

"Yi haƙuri, Malama," in ji shi, "karatu muka yi, ba biki ba."

Faɗan da ta zo da shi ya bi iska. Kafin hutu, so ya kama ta dumu-dumu.

Manyan Mannir suka je Kebbe, garinsu Nasiha, nema masa aurenta, ashe Halliru, ɗan baffanta mai sonta, ya riga su. Ya gaya wa mahaifinta, Malam Maccido, ya ga yaron da kalangu a kafaɗa.

"Ba ni ba maroƙi ɗiyata," in ji tsohon, "mai yabon kowa don abin hannu nai."

Nasiha ta sha kuka, sai ga saƙon Mannir: "Nasihata, share hawaye. Ba ni barin ki, ba ni kuma ɓoye ma Baba aikina."

Wata safiya Nasiha ta leƙa tagar ajinsa. Mahaifinta ne zaune a bencin baya, ya zo ganin ido. Mannir kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ɗauka uban wani ɗalibi ne.

"Wagga alama tafi ta, wagga shiru ta," in ji Mannir yana nunawa a allo. Yara suka ɗauka, kiɗan ya yi daɗi, tsohon ya manta kansa ya shiga. Da aka zo wurin shiru, tafinsa kaɗai aka ji.

"Baba, kun yi kuskure," Mannir ya ce cikin ladabi. "Nan jira aka yi. Mu sake."

Nasiha ta dafe kai, ta fidda rai.

A bakin ƙofa tsohon ya dube ta yana gyara hula. "Maroƙi da cewa zai yi na iya. Wanga ce mani ya yi ban iya ba, gaban yara. Shi turo manya nai."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Kebbe. Malam Maccido ya daɗe yana sa musu albarka, Nasiha tana kukan daɗi cikin mayafi.