Ɗan Kunnen da Ya Koma Fari

Ranar Talata da hantsi Rashidatu ta cika a asibiti, bayan kwana uku tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Likita ya ce guba ce, amma bai san wace iri ba. Ko makara ba a ɗauka ba, mijinta Yisa ya garzaya caji ofis ya ce maƙwabciyarsu Hannah ce ta ba ta kunu ranar Asabar.

Sufeto Ndaliman ya tarar da Hannah tsare a bayan kantar caji ofis, ido duk ya kumbura. Shi kuwa a aikinsa ba ya son ƙarar da ta zo da mai laifinta a hannu.

"Oga, kunun nan ni da yarana duk mun sha," in ji ta. "Don Allah a duba min Kafayatu. Ita ma tana tari."

"Wace ce Kafayatu?"

"Jaririyar Rashidatu. Wata huɗu."

Sufeto ya ajiye biro. 'Yar wata huɗu ba ta shan kunu.

Ɗakin ma'auratan a Maitumbi ciki ɗaya ne, rufin kwano, ba silin. An cusa tsumma a kowace kafa ta taga.

"Wannan fa?" Sufeto ya tambaya.

"Sauro, yallaɓai," in ji Yisa.

"Sana'arka?"

"Acaɓa."

Ba babur a gidan. Akwai dai takalmin roba da jar laka ta bushe a kansa, da wani cokali da ya ƙone ƙurmus a gefen kurfoti.

A tsakar gida mahaifiyar marigayiya ta kwance kayan da aka dawo da su daga asibiti, ta ɗago ɗan kunne fari fat.

"An musanya! Na zinare ne, tun daga Bida na ba ta."

"Dama jabu ne, Inna," Yisa ya yi caraf.

Sufeto ya kai ɗan kunnen wurin Malam Isaiah, tsohon malamin kimiyya da ya taɓa koya masa a sakandare. Tsohon ya ɗora shi a garwashi can a fili, ya ja Sufeto baya. Jim kaɗan sai ga shi ja jawur, zinare sak.

"Zaiba ce ta hau shi," in ji Malam. "Ƙarfe ce, amma ruwa-ruwa. Masu haƙar zinare suna zuba ta ta kamo musu ƙurar zinare. Gauraya ce kawai, wuta tana raba su: zinare ya zauna, zaiba ta tashi tururi, ba launi ba wari. Wanda ya shaƙa a rufaffen ɗaki, huhunsa ya tafi. In ta sami sanyi sai ta koma ɗigo. Je ka duba rufin."

Da la'asar Sufeto ya taka kujera ya haska tocila. Ga su nan a jikin kwano, ƙananan ɗigo masu ƙyalli. Ransa ya ɓaci matuƙa, don ya tuna Hannah a tsare.

"Acaɓarka a sama take tafiya, Yisa?"

Yisa ya ɗaga kai ya ga ɗigon.

"Haƙa muke yi wajen Paiko. Na ɓoye wa abokan aikina dunƙule ɗaya na zinare da zaiba. A daji muke ƙonawa, amma a can za su gani. Na toshe tagar don kada a leƙo."

"Kai me ya hana ka tari?"

"Ina waje ina gadin ƙofa. Ita na sa ta fifita garwashin. Wallahi ban san zai kashe ta ba."

"Amma ka san Hannah ba ta kashe ta ba."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya danna wa Yisa ankwa. Sufeto ya ba da umarni a saki Hannah yanzu-yanzu, sannan ya juyo.

"Lokacin da take fifitar, ina jaririyar?"

Yisa ya sunkuyar da kai.

"Tana goye a bayanta."

Daga ɗakin da kakar jaririyar take aka jiyo wani siririn tari. Sufeto ya ce Kofur ya taka da Yisa a ƙafa har caji ofis, motar da suka zo da ita ta Kafayatu ce, sai asibiti.