Filafili Na Biyu

"Ba zan ba wa mai wasa da kogi 'yata ba! Na gama magana!"

Inna Talatu ta ajiye wayar a kan tebur, bidiyon bai tsaya ba. Fahad, saurayin 'yarta Sharifa, ne a cikinsa, ruwan kogin Potomac ya kifar da kwalekwalensa tsakanin duwatsu, filafilin ya suɓuce daga hannunsa ya bi kumfa.

"Inna, wallahi ya fito..." in ji Sharifa. "Yaya Umaru ne ya yanke ƙarshen."

Umaru, ɗan kawunta, wanda ya yi shekara biyu yana neman aurenta, ya gyara hula.

"Ni abin da na gani na kawo, Gwaggo."

"Yau ya fito," in ji Inna. "Babanki ma shekara talatin yana fitowa."

Sharifa ta kashe bidiyon. Tana da shekara biyar ruwan Yauri ya ci mahaifinta, kafin Kawu, mahaifin Umaru, ya ɗauko su zuwa Lanham ta ƙasar Amurka. Abin da ta sani kawai, filafilinsa ne ya karye a tsakiyar kogi.

Washegari Fahad ya same ta a bayan shagon kayan miya da take aiki a Hyattsville. Injiniya ne, amma duk Asabar a ruwa yake yini.

"Sharifata, kalle ni mana..."

Ta kasa ɗagowa.

"Zan bari! Zan sayar da jirgin, in je in durƙusa gaban Inna."

"Ba za ta yarda ba. Ta ce Babana sau uku yana yi mata alkawarin bari."

"To yaya kike so in yi, farin cikina?"

"Ka daina zuwa..." Hawaye ya zubo mata. "Ita kaɗai gare ni, Fahad."

 Har ya juya zai tafi ta tsayar da shi.

"Me ya sa ba ka da filafili na biyu?"

"Jirgin ƙarami ne, babu wurin dogon abu."

Ranar hutunta ta hau jirgin ƙasa, ta je wani babban kantin kayan wasan ruwa. Idan ba za ta zama matarsa ba, to ta bar masa abin da zai fitar da shi. Kunya ta hana ta yawan tambaya, ga Turancinta ba ya nisa. Ta ga wani shuɗin filafili na ƙarfen gorar ruwa, marar nauyi, wanda ake zuƙewa ya koma tsawon kamu ɗaya. Ya yi mata kyau, ta saya.

Ta ɓoye shi bayan buhun shinkafa, a nan kuwa Inna ta gano shi bayan la'asar.

"Wannan fa?"

Sharifa ta matso kusa.

"Na sallama ne, Inna. In ba shi, shi ke nan... Na bi maganarki."

Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Inna ta zaro filafilin ya miƙe. Ta kafa bakinsa a ƙasa, ta dafa da dukkan nauyinta, ta murɗa. Mahaɗin ya yi ƙara, ya juya a hannunta.

"Wannan kika zaɓa masa?"

"E..."

"Wannan na yara ne a tafki! Ruwa mai ƙarfi ya kama shi, bugu ɗaya zai lanƙwashe."

Sharifa ta zuba mata ido. Ba ta taɓa ganin filafili a hannun mahaifiyarta ba, amma riƙon na wadda ta saba ne.

Inna ta zauna a kan buhun, ta ɗora shi a cinya.

"Kullum da safe ni nake saka wa Babanki filafili na biyu a jirgi. Ni, ba kowa ba." Ta shafa filafilin. "Rannan na ɗauke shi ina baza shanyar shinkafa da shi. Ya kira daga ƙofa, 'Talatu, miƙo min!' Na ce ya jira in gama. Fasinja na jiransa. Ya yi dariya, ya ce in riƙe abina..."

"Inna..."

"Shekara ashirin ban gaya wa kowa ba."

Sharifa ta durƙusa ta rungume ƙafafunta. Suka yi kuka mai yawa, kowacce da nata.

Inna ce ta fara share fuska da bakin mayafi.

"Gobe za mu mayar da wannan."

"To, Inna."

"Kuma ba a zaɓar filafili a bayan mai shi. Da tsayinsa ake gwadawa." Ta kawar da kai. "Ki kira shi."

Fahad ya riga su isa kantin, sanye da kaftani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya durƙusa har ƙasa, Turawa na kallo.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau. Tashi ka tsaya sosai, ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Mai kantin, wata mai suna Debbie, ta jero musu guda huɗu. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta dafa, ta murɗa, ta kara kunne a mahaɗi. Ɗaya ta ce yashi zai cushe maɓallinsa. Ɗaya ta ce marikin zai zame a jiƙaƙƙen hannu. Na ƙarshe baƙi ne, mai rabuwa gida uku, babu ado. Ta haɗa, ta murɗa, bai motsa ba. Ta jingina shi a ƙirjin Fahad, ya tsaya masa a haɓa.

"Haɗa shi. Rufe idonka, a cikin ruwa ba gani za ka yi ba."

Ya rufe ido, ya juya guda ɗaya baibai.

"Ka nutse!" in ji Inna. "Sake!"

Sharifa ta toshe baki da mayafi, dariya da hawaye suka haɗe mata. Sai a karo na uku ya haɗa daidai.

Fahad ya miƙa hannu biyu zai karɓi jakar filafilin. Inna ta janye.

"Ba kai za ka riƙe ba."

Ta juya ta damƙa wa Sharifa, ta haɗa da hannuwanta ta matse.

"Ke za ki riƙa saka masa. Ko kun yi faɗa, ko girki na ƙonewa, ko yana sauri... ki bar komai ki saka."

"Inna, kina nufin..."

"Ka turo manyanka wajen Kawunta," ta ce da Fahad, ba ta dube shi ba. "Umaru kuma ni zan yi masa magana."

Fahad ya sake zubewa ƙasa.

Sharifa ta ƙanƙame jakar a ƙirjinta. Har suka isa mota ba ta yarda kowa ya taya ta ɗauka ba.