Layin da Ke Ɗauke da Sunan Mahaifinta

Ruwan sama ne ya tsare Hilmi da Nadhirah a wani shagon shinkafa na garin Bayan Lepas. Garin matsawa ta ba shi wuri ta ɓarar da shayinta a takalminsa. Shi kuwa, gwani a gaban kwamfuta, a gaban mace sai ya koma bebe. Bayan wata uku tana kiransa Abang, wato yaya, yana ce mata Sayang, wato masoyiya.

Ranar da ta kai shi gaida mahaifiyarta, Puan Salmah, ya ga hoton mahaifinta a bango. Nan take ya gane shi. Encik Rosli ne, wato Malam Rosli, ubangidansa na farko.

Shekara biyar baya Hilmi yana koyon aiki a kamfanin da ke rubuta wa injinan janye ambaliya manhaja da harshen kwamfuta na C. Rosli ya sa kalmar volatile a kan manunin ma'aunin ruwa, wato na'ura ta riƙa sake duba ruwan kowane lokaci. Wani gargaɗi da kwamfuta ke ta fitarwa ya ishi Hilmi, ya tuɓe wa manunin kalmar don ya samu sauƙi. Ba a buɗe masa nasa shafin ba tukuna, don haka da sunan Rosli ya shiga. Damina ta zo, na'ura ta duba ruwan sau ɗaya ta yarda, inji bai tashi ba, ruwa ya ci gida arba'in. Aka binciki tarihin layin manhajar da aka canza, sunan Rosli ya fito. Aka kore shi, bai shekara ba ya rasu. Hilmi ya ɓoye gaskiya, amma tun daga nan ko yayyafi ya ji sai tsoro ya kama shi.

"Ci mana, ɗana," in ji Puan Salmah. Idon hoton na kansa.

Bayan kwana uku saƙon Nadhirah ya shigo:

"Abang, shiru? Ko ka samo wadda ta fi ni iya ɓarar da shayi?"

Ya daɗe yana kuka kafin ya rubuta:

"Sayang, ba Ayah mahaifinki ne ya cire kalmar da ta jawo ambaliyar ba. Ni ne. Ina sonki, amma ba zan aure ki a kan kabarin da na rufe da ƙarya ba."

Ba ta amsa ba. Uwar ce ta kira. "Kada in sake ganin ƙafarka a gidana."

Ran Litinin ya tsaya gaban injiniyoyin tsohon kamfanin ya faɗi komai. Labari ya bazu, aikinsa ya tafi, amma ya fito da takardar wanke Rosli. Ya ajiye ta a ƙofarsu ya juya.

Wata biyu ya yi yana ramewa, sannan Nadhirah ta rubuto masa saƙon mahaifiyarta: "Mak na nemanka. Ni ma."

Da ya je gidan, Puan Salmah ta dube shi. "Ai Rosli ya sani," ta ce. "Ya ce mini yaro ne, in ya ambaci sunansa ya kashe masa rayuwa. Har ya rasu bai faɗa mini wane yaro ba. Wanda mijina ya rufa wa asiri, ni ce zan kore shi?"

Ranar ɗaurin aure ma ruwa aka wuni ana yi. Nadhirah ta ga yadda yake ta leƙen ruwan, ta raɗa masa, "Abang, ruwa ne kawai."

Puan Salmah ta ɗora masa hular Rosli da hannunta, ta zauna daram. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba," ta ce. "Na farin, in namiji ne, ka san sunansa."